Jarumata Ta Tsufa, Ni Kuma Barci Ya Gagare Ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 44, 'ya'yana biyar, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Abin da zan kawo miki kunyar faɗarsa ma nake ji, don na san wasu ciwo da yunwa ne ke hana su barci.

Wata uku da suka wuce babbar 'yata ta miƙo min waya tana dariya, ta ce, "Umma, wai wannan ce jarumar taku da kike ba mu labari?" Wata 'yar fim ce da nake mutuwar so tun ina budurwa, zamanin kaset. Irin ɗaurin ɗankwalinta nake yi, irin ɗinkinta nake kai wa tela, har ƙawayena suka riƙa kirana da sunanta. Ta yi aure ta bar fim, ban ƙara sa ta a ido ba sai ranar. Anti, ba don murya ba da ban gane ta ba. Jiki ya yi nauyi, fuska ta sauka, idon nan da ake magana ya shige ciki. Ga yara a ƙarƙashin bidiyon sai tsiya suke mata. Na shige banɗaki na yi kuka kamar an aiko min da rasuwa.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Da kowa ya kwanta sai in ɗauki waya in shiga YouTube ina neman tsofaffin fina-finai, irin waɗanda muke kallo a ɗakin Hajiyarmu, Allah ya ji ƙanta, har ƙarfe biyu ko uku na dare. Duk fuskar da ta fito sai in ce wannan ya rasu, wannan ya tsufa, wannan ko tana ina. Da safe in tsaya gaban madubi ina ƙirga furfura. Har wani mai na saya da aka ce yana mayar da tsohuwa yarinya, na ɓoye a ƙasan akwati. Da na gaya wa maigida dariya ya yi, ya ce mutanen da ba su san ina yi ba nake wa kuka. Anti, rashin tawakkali ne wannan, ko wani abu ne ya taɓa min kai?

Wata baiwar Allah, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kanki ƙalau yake. Na fara da wannan ne don ki samu natsuwar karanta sauran. Rashin tawakkali kuma ban gan shi a wasiƙarki ba. Wanda ya ga fuskar da ya sani ta sauya, zuciyarsa ta motsa, ai wa'azi ne ya same shi har gida ba tare da malami ya hau mumbari ba.

Na girme ki da shekara goma sha wani abu, saboda haka nawa taurarin ba na kaset ba ne, na akwatin talabijin ne mai baƙi da fari. Mu Samanja ne namu, da Ƙasimu Yero. A gidanmu in Samanja ya fara kwaɓa Hausarsa ta barikin soja, ko tuwo ne a kan wuta sai dai ya jira. Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a 2017. Usman Baba Pategi, wato Samanjan, ya bi shi a watan Nuwamban 2023. Kafin rasuwarsa na ga wata hira da aka yi da shi, dattijo tukuf, yana magana a hankali, mutumin da a ƙwaƙwalwata tsawa kawai yake daka wa kurata su ƙame. Ban yi kuka ba, amma ranar na zuba gishiri sau biyu a miya. Don haka ba daga saman bishiya nake miki magana ba.

Bari in fara da abin da ya sa ganin nan ya buge ki haka, don akwai dalili, kuma dalilin yana cikin yadda harkar fim ɗin Hausa take tafiya.

Ɗauki Ali Nuhu. A 1974 aka haife shi. Kin san shi yana saurayi siriri yana bin 'yan mata da waƙa a cikin fulawoyi, lokacin fina-finai irin su Sangaya. Yau ya haye hamsin, uba yake fitowa, wani lokaci ma suruki mai hana aure, kuma tun Janairun 2024 shi ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Kin taɓa shiga banɗaki kin yi kuka don Ali Nuhu ya manyanta? Na tabbata a'a. Ba don bai sauya ba, ɗauko hotonsa na wancan lokacin ki ajiye kusa da na yau ki gani. Abin da ya sa shi ne bai taɓa ɓace miki ba. Kullum yana gabanki, shekarun suna shigarsa kaɗan-kaɗan, idonki yana karɓa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ba ki lura da tsawon da ɗanki yake yi sai wando ya ɗage masa.

Matan fim kuwa ba haka tasu take ba. Al'adar masana'antar tun farko ita ce mace ta yi tashe shekara huɗu ko biyar, ta yi aure, a rufe labule. Ke mai kallo an bar ki da hoton ƙarshe, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, da jan baki da gwaggwaro. Wannan hoton kika adana shekara ashirin, ba ƙura ba tsatsa. Ita kuwa baiwar Allah tana can tana rayuwa irin taki: ciki, haihuwa, goyo, yaye, wataƙila ɓari, wataƙila zawarci, hawan jini, rashin iyaye, kuɗin makaranta. Ranar da 'yarki ta miƙo miki wayar nan, shekara ashirin aka ɗora miki a ka a cikin daƙiƙa ɗaya, ba gammo. Dole wuya ya amsa.

Sannan ki tuna a yaya kika san ta. Kin san ta an yi mata kwalliya, an haska mata fitila, an zaɓi ɓangaren fuskarta da ya fi kyau, an ɗauka sau biyar an zaɓi ɗaya, an ɗora muryar wata mawaƙiya a bakinta. A kaset ɗin bidiyo ma hoton dishi-dishi ne, ko ƙurji gare ta ba za ki gani ba. Yanzu kuma wani ya tura mata wayar zamani a fuska da tsakar rana, wayar da take ƙirga ramin gashi. Ko a wancan lokacin aka yi mata haka, ba za ta yi kama da wadda ke jikin kwalin kaset ba. Rabin abin da kike kewa ba a taɓa yin sa a duniya ba, a ɗakin tace hoto aka haɗa shi.

Yanzu ga maganar da nake so ki tauna sosai, ko da za ta yi miki ɗaci. Kin so a ce ta tsaya yadda kika san ta. To akwai waɗanda suka tsaya. Balaraba Muhammad ta tsaya: haɗarin mota ya ɗauke ta a 2003 tana amarya. Ahmad S. Nuhu ya tsaya: ranar 1 ga Janairun 2007, shi ma a kan hanya. Hauwa Ali Dodo, da aka fi sani da Biba Problem, ta tsaya a farkon 2010. Rabilu Musa Ibro ya tafi a Disambar 2014 bai kai shekarunki na yanzu ba. Waɗannan ba wanda zai taɓa ganin furfurarsu. Ba yaron da zai ɗauke su a waya ya yi musu tsiya. Har abada matasa ne. Je ki tambayi iyayensu da 'ya'yansu ko sun gode da wannan ƙuruciyar, ko kuwa da za a ba su zaɓi su karɓe su da tumbi da sanƙo da ciwon gwiwa, da hannu biyu za su karɓa. Jarumarki ta samu abin da waɗancan ba su samu ba. Fuskar nan da ta sauka rasit ce ta shekarun da aka ba ta ta ci. Irin rasit ɗin ce kike ƙirgawa a gaban madubi da safe.

Wani abu kuma da na daɗe ina lura da shi. Iyayenmu ba su sha irin wannan wahalar da nasu gwanayen ba, don su da kunne suka so su. Mamman Shata ya yi waƙa har tsufa, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ban taɓa jin wanda ya ce Shata ya lalace ba. Cewa ake muryar ta ƙara nuna. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa haka, har zuwa 2015. Barmani Choge kuwa, ke ma kin riske ta: tsohuwa ce sosai tana juya mata a gidan biki da kiɗan ƙwarya, amare da 'yan mata suna bin ta da liƙi, har ta rasu a Funtuwa a 2013. Tsufan ma shi ya ba ta lasisin faɗin abin da yarinya ba ta isa ta faɗa ba. A kiɗan gargajiya shekaru jari ne, da tsohuwar zuma ake magani. Rediyo ba ya nuna tamoji. Kyamara ce ta zo ta ce fuska za a sayar, fuska kuwa kayan gwari ce. Mu da muka tashi da kallo mun sayi kayan gwari muna zaton hatsi ne da za a zuba a rumbu.

Amma duk wannan bayani ne a kan ita. Ni kuwa ban yarda ita kike yi wa kuka ba.

Koma ki karanta wasiƙarki. A tsakiyarta kin jefa wata magana kin wuce da sauri kamar wadda ta taka garwashi: "irin waɗanda muke kallo a ɗakin Hajiyarmu, Allah ya ji ƙanta." Nan ne gizo yake saƙar. Ba ki ce kina neman fina-finan jarumarki kawai ba, kin ce irin waɗanda kuke kallo a ɗakin. Ɗakin kike nema, ƙanwata.

Na san irin ɗakin, don kowane gida a Kano yana da shi a lokacin. A aiki yaro shagon haya ya karɓo kaset, a ja masa kunne kada ya karɓo wanda aka gani. A zauna jiran wuta. Da an kawo, yaran unguwa su ɗauki ihu, a yi maza a tura kaset, a tarar wanda ya kalla jiya bai mayar da shi farko ba. Ledar ɗaki cike, maƙwabta a bakin ƙofa, wani jariri yana barci a bayan yayarsa. Hajiya tana kan gado tana cewa ita ba ta son wannan shirmen, amma ita ce mai tambayar, "Wai wancan ba shi ne ya saki yarinyar nan ba?" In aka zo wajen waƙa ta ce a wuce, in aka wuce ta ce kun cika gaggawa. Ana tsaka da rikicin kishiya a ɗauke wuta, ɗaki ya ɗauki salati gaba ɗaya, kaset ya maƙale a ciki har gobe, ga kuɗin haya yana ƙaruwa.

A ɗakin nan ke 'ya ce. Akwai wadda za ta ce miki tashi ki yi sallah, akwai wadda in kin yi zazzaɓi za ta taɓa goshinki. Ba ki san nawa ake sayar da kwanon shinkafa ba. Yau ke ce Hajiyar. Ke ce a kan gado, ke ake jira ki ce a wuce waƙa. Ba wanda ya yi bikin naɗa ki, sai kawai kika waiwaya kika ga babu kowa a bayanki. Fuskar jarumar nan ita ce ta zo ta sanar da ke a hukumance. Shi ya sa kukan ya yi kama da na rasuwa: na rasuwa ne, ya dai makara a hanya.

Ban san shekara nawa da rasuwar Hajiya ba, amma na san yadda muke yi. Kwana uku ana karɓar gaisuwa, ke ce mai dafa abincin baƙi, ke ce mai rarrashin ƙanne, kowa yana ce miki sai haƙuri, ki ce haƙuri ya zama dole. A yi bakwai, a yi arba'in, a raba gado, a koma aiki. Mace mai 'ya'ya biyar da aji cike da yara ba ta da ranar zama ta yi kewar uwarta. Kewar kuwa ba ta tafiya, wuri take samu ta kwanta, sai ranar da wani abu da bai kai ya kawo ba ya taka mata wutsiya.

To me za ki yi?

Kallon nan na dare ki daina shi. Ban ce ki daina kallon tsofaffin fina-finai ba, na ce na dare, ke kaɗai, da waya a ƙarƙashin bargo. Waɗannan fina-finan ba a yi su don mutum ɗaya ba. An yi su ne don ɗaki mai hayaniya, inda wani zai yi tsaki wani ya yi shewa. In kika kalle su ke kaɗai da ƙarfe biyun dare, ba fim kike kallo ba, maƙabarta kike zagayawa da tocila kina karanta alluna. Ga kuma rashin barci, wanda shi kaɗai ya isa ya sa mace ta ga duniya ta yi baƙi. Malamar da ta kwanta ƙarfe uku ta tashi asuba, ko ba jaruma sai ta yi kuka.

Ki mayar da kallon rana, ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar, a talabijin ɗin falo. Ki kira waɗanda suka rage daga 'yan wancan ɗakin. Zauna da takarda ki rubuta sunayensu: yayye, ƙanne, 'yar maƙwabta da ke leƙe ta taga, ƙawar da ta fara kiranki da sunan jarumar. Za ki tarar wasu sun rasu, ki yi musu addu'a da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Za ki tarar wasu kuma suna nan cikin garin nan, kuɗin adaidaita sahu ne kawai tsakaninku, amma rabonki da su tun wani suna ko wata gaisuwar mutuwa. Kina neman labarin wadda ba ta san ki ba har tsakar dare, ga waɗanda suka san ki tun kina tsallen igiya ba ki san halin da suke ciki ba. Su ma sun tsufa, kuma su in kin kalli fuskarsu za su kalli taki, ku yi wa juna dariya. Wannan dariyar ita ce maganin da babu shi a YouTube. In Hajiya tana da ƙanwa ko aminiya da ke raye, ita za ki fara kai wa ziyara, da ɗan turare da goro. Ki ce ta ba ki labarin Hajiya tana budurwa. Za ki sha mamakin jin cewa ita ma tana da wanda take mutuwar so a rediyo.

'Yarki kuma kada ki riƙe ta a zuciya. Ba ƙeta ta yi ba, ƙuruciya ce, wadda take ganin tsufa wata ƙabila ce daban da ake haifar mutane a cikinta. Ki zaunar da ita a wannan kallon na Asabar. Za ta yi dariyar ɗinkin, za ta yi dariyar rawar, za ta ce hoton kamar an ɗauka da dankali. Bar ta ta yi, ke ma ki taya ta, don wallahi wasu abubuwan abin dariya ne, mu daina ƙarya. Amma ki ɗauko mata hotonki na wancan lokacin, da ɗaurin nan da kike kwaikwaya. Yawancin 'ya'ya ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin uwarsu ta yi 'yan mata ba. Abu ɗaya kawai za ki tsaya mata a kai ba wasa: kada hannunta ya ƙara shiga cikin masu tura bidiyon da ake wulaƙanta wani don ya tsufa. Ba sai kin yi mata dogon wa'azi ba. Ce mata matar nan uwar wasu ce, kuma 'ya'yanta suna da waya.

Tunda na taɓo nan, bari in ɗan fita daga layi, don abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutanen nan da muke tsokana in sun fito a tsufe, ko muka ga an ɗauko su suna neman taimakon kuɗin asibiti muka hau cewa ina kuɗin da suka tara, yawancinsu ba su tara komai ba. A zamanin kaset, ɗan wasa sau ɗaya ake sallamarsa, shi ke nan. Ribar tana wajen 'yan kasuwar da ke buga kaset a Ƙofar Wambai da Bata, sai masu satar fasaha, daga baya kuma masu tura fim a waya suka zo suka ƙarasa kasuwar. Fim ɗin da kike kallo yau da dare, da wuya ko sisi ya shiga aljihun waɗanda ke cikinsa. Ba fansho, ba garatuti. Sun ba mu ƙuruciyarsu a farashin hayar kaset, mun more, yanzu kuma muna jin haushinsu don ba su ajiye mana ita a firji ba. In kina son yi wa jarumarki wani abu, sa ta a addu'a. In kuma wata rana kin ji wani daga cikinsu yana kwance, kuma kin tabbatar hanyar taimakon ta gaskiya ce ba ta 'yan damfara ba, abin da kika iya ki tura. Ya fi hawaye amfani.

Sai man da ke ƙasan akwati. Fito da shi ki karanta jikinsa. Yawancin irin waɗannan da ake cewa suna gyara fata cikin sati biyu, ko dai akwai sinadarin bilicin a ciki, ko maganin da likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi, wani ma har da zaiba, kuma hukumar NAFDAC ta daɗe tana kashedi a kansu. Wata uku na farko za ki yi fes, kowa ya ce kin yi kyau. Daga nan fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore, kumatu su ƙone, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rana ta zama abokiyar gaba. Tsufan da kike gudu sai ya zo da wuri, kuma ya zo a fusace. In babu bayanin abin da ke ciki ma, to wannan shara ce kai tsaye. Man kaɗanya, ruwan sha, barci, da tafiyar ƙafa sun fi shi. Furfura kuwa in ta dame ki ga lalle nan, sunna ce ma. Rini baƙi ne malamai suka yi magana a kai, sai ki tambayi malamarku ta Islamiyya. Kwalliya ba laifi ba ce, yi abarki, ki yi wa maigida, ki yi wa kanki. Bambancin kawai, mace mai shekara 44 da ta yi ado tana da kwarjini, wadda take kokawa ta koma 20 kuwa tausayi take bayarwa.

Akwai kuma maganar jiki da ba na so in tsallake. A shekarunki mata da yawa suke fara shiga sauyin da ke zuwa kafin ɗaukewar al'ada, wadda galibi takan zo tsakanin 45 da 55, amma alamunta sukan riga ta da shekaru. Al'ada ta fara wasa, zafi ya taso daga ƙirji da dare, barci ya yi wuya, abu kaɗan ya sa hawaye ko faɗa. Ba a cika gaya mana wannan ba, sai mace ta ɗauka aljanu ne ko sammu. In kin ga irin waɗannan alamun, ki je asibiti ɓangaren mata, a duba har da hawan jini da suga. In kuma kin gyara barci, kin yi ziyarce-ziyarcen nan, amma aka yi sati biyu ko fiye kullum zuciya a cushe, abinci ba ya shiga, abin da kike jin daɗinsa ya daina yi miki daɗi, ko kika fara jin zaman duniyar ma ya ishe ki, to kada ki tsaya rubuto wa Anti. Likita za ki gani, kuma ki faɗa masa komai yadda kika faɗa min. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran, yana da magani.

Kin tambayi tawakkali. Buɗe Suratur Rum, aya ta 54, inda Allah yake cewa ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi bayan raunin, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Sannan ki duba Suratul Ahƙaf, aya ta 15, addu'ar da aka koya wa wanda ya kai shekara arba'in. Ki lura da waɗanda ke cikin addu'ar: shi kansa, da iyayensa, da zuriyarsa. Wato mai arba'in a tsakiya yake tsaye, hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Daidai inda kike ke nan, tsakanin Hajiya da yarinyar da ta miƙo miki waya. Ki haddace ta in ba ki riga kin haddace ba.

Na bar maigida a ƙarshe da gangan. Kada ki yi fushi da dariyarsa, maza da yawa in magana ta zo kusa da inda yake musu ciwo dariya suke sa mata. In dai a Kano ya tashi kuma ya ba hamsin baya, to da wuya a ce bai taɓa satar jiki ya tafi silimar Marhaba ko Plaza ko Eldorado kallon Indiya ba, ya dawo ya sha bulala. Wata rana bayan cin abincin dare, ba tare da kin ce komai ba, ki nemo masa hoton Amitabh Bachchan na yanzu, wanda aka haifa a 1942, da farin gemu da tabarau. Miƙa masa wayar kamar yadda aka miƙa miki, ki ce, "Alhaji, wai wannan ne mai dukan mutum goma shi kaɗai?" Sai ki ja bakinki ki yi shiru, ki ƙirga minti nawa zai yi yana kallon hoton kafin ya dawo miki da wayar. Ki rubuto min abin da ya ce.